Ruwa na cin gonarka? Ga yadda zaka gane inda yake ɗiba da inda yake zubarwa, ka tare abinka

Gonar babanmu tana can wajen Pitoa kusa da Garwa a arewacin Kamaru, a gindin duwatsun Tinguelin, kar huɗu ce wato hekta ɗaya cif tunda kar ɗaya mita 50 ne kowane gefe. Lokacin da muke yara akwai wata ƴar hanyar ruwa a gefen gabas wadda muke tsallakewa da ƙafa ɗaya ko da kayan gyaɗa a ka, toh wallahi yanzu idan babban mutum ya shiga cikinta ba zaka hango hularsa ba. Ba wanda ya haƙa ta, ba katafila ba komai, ruwan damina ne kawai shekara bayan shekara. Wannan kwazazzabon shi ya sa na zauna na koyi abin da zan rubuta muku yanzu, kuma na koye shi ne da kuskure da asara ba a lakwal ba, dan haka duk inda na ce kada kayi kaza toh ni nayi ne na ga yadda ta kaya.

Kafin mu kai ga ɗaukar dutse da fartanya sai ka fara gane aiki uku da suke gudana a ƙasa kullum, ko kana kallo ko baka kallo.

Na farko shine ruɓewar dutse a inda yake. Eh dutse ma yana ruɓewa. Ka hau kan fa a watan Maris ko Afirilu da rana tsaka lokacin da zafin Garwa ke wuce digiri 40, ba zaka iya ɗora tafin hannunka ba, da asuba kuma ka dawo ka taɓa zaka ji ya huce. Wannan kumbura da tsukewa na kullum yana sa fatar dutsen ta riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa, shi yasa duwatsun wajen Gider da Mokolo zaka gansu mulmulallu an jibga wani kan wani kamar da gangan. Sai ruwan sama ya shiga tsagar, yana da ɗan tsami kaɗan wanda harshe baya ji, ya riƙa narkar da sassa masu laushi su koma laka, ƙarfen da ke ciki yayi tsatsa ya ba ƙasa wannan jan launin, ƙwayoyi masu tauri masu ƙyalli kamar gilashi su kuma basa narkewa sai su zube su zama yashi. Saiwar bishiya ta kutsa ta ƙara buɗa tsagar, gara tayi nata. Haka ake samun ƙasa. Amma aikin yana da nawa sosai, santimita 2 ko 3 na ƙasar noma kan iya cin shekara 1000 kafin ta haɗu. Ka riƙe wannan lissafin zamu dawo kansa.

Na biyu shine zaizaya, wato ɗauka. Ruwa ko iska su kwashi abin da ya riga ya ruɓe suyi gaba dashi. Na uku kuma zubarwa, duk abin da aka ɗauka dole a ajiye shi wani wuri, kuma ana ajiye shi ne daidai inda ruwan ko iskar ta rage gudu. Tsakuwa ke fara faɗuwa, sai yashi, laka ita ce ta ƙarshe dan sai ruwa ya kwanta lub take sauka.

In kana son ganin ukun a tafiya ɗaya ka bi hanyar Mokolo zuwa Marwa har Maga. A sama duwatsun Mandara ne suna ruɓewa, a Rhumsiki ma waɗannan tsinin da ƴan yawon buɗe ido ke ɗauka a hoto maƙogwaron tsoffin duwatsu masu aman wuta ne, jikin ya zaizaye ya tafi sai abin da ya daskare a ciki ya rage a tsaye dan ya fi tauri. A tsakiya Mayo Tsanaga da Mayo Kaliao ne, mayo wato kogi da Fulatanci, cike da yashin da suka jido daga can, wanda masu kamiyo ke ɗiba da rani. A ƙasa kuma ga karal, baƙar lakar nan mai tsagewa da ake dasa masakwa, da yaere, wato fadamar kogin Logone, da ambaliya ke shimfiɗa wa sabuwar laka duk shekara. Kaga ƙasar da ta bar wani ita ce arzikin wani. Toh duk jagorar nan abu ɗaya take nufi, ka sa ruwa ya rage gudu tun yana cikin gonarka dan ya sauke kayan a wurinka ba a gonar mutanen gangare ba.

Mataki na 1: ka taka gonar bayan ruwa mai ƙarfi na farko

Ba da rani ba, ba kuma daga kan moto ba. Ka sa takalmin roba ka shiga washegarin babban ruwa, in ma zaka iya jure jiƙa ka tsaya ƙarƙashin wata inuwa kana kallo lokacin da ake yinsa, abin da zaka gani a minti 20 ya fi bayanin awa uku. Ka fara daga inda ya fi tudu ka gangaro. Ga abin da zaka nema:

Ka duba ƙananan tsakuwa, in kaga kowace tana zaune kan ɗan ginshiƙin ƙasa kamar an ɗora mata kujera, toh ɗigon ruwa ne ya cinye ƙasar da ke kewaye ya bar wadda tsakuwar ta rufe. Tsawon wannan ginshiƙin shine abin da ka rasa. Mutane suna raina ɗigon ruwa, amma manyan ɗigo suna faɗowa da gudun kusan kilomita 30 a awa, suna farfasa ƙasa su watsa ta, ƙananan ƙwayoyin su toshe ƙofofin da ruwa ke bi ya shiga, in ta bushe sai kaga ɓawo a sama kamar ƙanzo. Daga nan ruwan gaba baya shiga, sai gudu.

Ka duba gindin bishiyoyi da kututture, in saiwoyi sun fito fili ka auna daga inda launin ɓawon ya canza zuwa ƙasa. Ka duba ƴan layukan da ruwa ya zana kamar yatsun hannu, ka bi su ka ga inda suke haɗuwa dan nan ne kwazazzabon gobe. Sannan ka duba inda farin yashi ya baje kamar mafici, galibi bakin gona ko gindin wata ciyawa, nan ne ruwa ya gaji ya sauke. Ka kafa ƙaramin icce a duk wuraren nan ko ka ɗauke su a waya dan da ciyawa ta fito ba zaka sake ganinsu ba.

Abu mafi muhimmanci a wannan zagayen, ka gano ta ina ruwan ke shigo maka. Mu namu ashe rabinsa ba na gonarmu bane, daga hanyar shanu yake gangarowa, shekara da shekaru muna zagin ƙasa cewa ta mutu alhali ruwan wani wuri ne ke wucewa ta kanmu.

Bari in baka lissafi kaga girman abin. Ruwan sama milimita 1 a kan mita ɗaya murabba'i lita 1 ne. Ruwa na milimita 30 a dare ɗaya, wanda ba abin mamaki bane a Agusta, lita dubu 300 kenan a hekta ɗaya. In kuma aka kankare maka ƙasa milimita 1 kacal, kaurin farce, a hekta ɗaya ya kai mita 10 kubik, wajen tan 13 zuwa 15. Ba zaka gani da ido ba, amma kamiyo guda ne ya fita daga gonarka ba tare da ka ji ƙarar inji ba. Yanzu ka tuna shekara 1000 ɗin nan da na ce ka riƙe.

Mataki na 2: gwajin kwalba

Wannan ba wuya, yara ma suna son yinsa. Ka samu gorar ruwa fara mai lita ɗaya da rabi, ka zuba ƙasar gonar zuwa kashi ɗaya cikin uku, ka cika da ruwa ka bar ɗan wuri, ka barbaɗa ɗan omo dan ƙwayoyin su rabu, ka girgiza sosai ka ajiye kada a taɓa. Cikin minti ɗaya zuwa biyu yashi zai kwanta, ka ja layi da biro. Bayan awa biyu turɓaya mai laushi kamar gari ta hau kansa, ka sake jan layi. Laka kuma sai ta kwana ɗaya ko biyu. Ka yi kwalba uku, ɗaya daga saman gona ɗaya tsakiya ɗaya gindi, ka jera su. Ni da nayi, ta sama kusan duk yashi ce, ta gindi kuwa layin lakarta ya yi kauri, anan na gane dalilin da ya sa masarar ƙasa take kore shar ta sama tana rawaya duk da takin zamani iri ɗaya muke sa musu. Ruwa baya ɗaukar ƙasa haka kawai, tankaɗe yake, ya kwashe mai kyau ya bar maka tsaki. Kuma buhun takin da ka ciyo bashi a kan auduga shi ma tare suke tafiya.

Mataki na 3: ka auna gangara, kada ka yarda da idonka

Anan na fara faɗuwa. Na ce ai ni na san gonar ubana, na ja layin dutse da ido, ashe layin ya karkace gefe ɗaya da kusan taƙi biyu, duk ruwan ya bi jikinsa ya taru a kusurwa ya fashe ya buɗe mana sabon rami inda da babu. Ido yana ƙarya a kan gangara, ruwa ne baya yi.

Ka sayi farin tiyo irin wanda magina ke amfani dashi, mita 12 zuwa 15, da sanduna biyu miƙaƙƙu masu tsawo ɗaya kamar mita ɗaya da rabi. Ka zana musu santimita daga ƙasa zuwa sama, ka ɗaure bakin tiyon ɗaya a kowace sanda, ka cika da ruwa ka tabbatar babu kumfar iska a ciki ko ɗaya dan ita ke ɓata awo. Ka tsayar da sandunan kusa da juna a wuri mai daidai ka ga ruwan ya tsaya a lamba ɗaya, in bai tsaya ba akwai iska. Kuma ku yi aikin da safe, in rana ta yi zafi tiyon yana saki.

Dan sanin gangara, mutum ɗaya ya tsaya sama ɗaya ya gangara mita 10, ku karanta lambobin ku cire ƙarami daga babba. Bambancin santimita 10 kashi 1 cikin 100 kenan, santimita 20 kashi 2, haka haka. Dan fidda layin daidai kuma, wato layin da kowane wuri a kansa tsawonsa ɗaya, mutum ɗaya ya tsaya cak ɗayan ya riƙa matsawa sama ko ƙasa har lambobin biyu su zo ɗaya, a kafa turke, na baya ya tsallako gaba a ci gaba har ƙarshen gona. Layin zai fito a lanƙwashe kamar maciji, kada ka miƙar dashi dan ya yi kyau. Kawuna da ya zo ya gani cewa yayi, ɗana wannan wane irin aiki ne kamar na mai maye, na ce Kawu kayi haƙuri ka bari damina ta yi mana alƙalanci. Bana shi ya aiko a ara masa tiyon.

Mataki na 4: layin dutse

Doka ta farko, daga sama ake farawa. In ka fara daga gindi dan can ne ɓarnar ta fi yawa, ruwan zai iso da cikakken ƙarfinsa ya watsar maka da aikin. A lissafin masana in gudun ruwa ya ninka biyu, nauyin dutsen da zai iya turawa yana iya ninkawa har sau 64, shi yasa ake kashe masa gudu tun bai tara ba.

A kan layin da ka fitar ka haƙa ɗan rami mai zurfin santimita 5 zuwa 10, faɗi kamar 30 zuwa 40. Ka kwantar da manyan duwatsu a ciki ta ɓangaren gangare, ka cusa ƙananan ta ɓangaren tudu da tsakanin manyan, tsayin duka ya kai santimita 25 zuwa 30, ƙasar da ka haƙo ka mayar a jikinsa ta sama. Kada ka shafe shi da laka ko siminti, ba dam kake ginawa ba, rariya ce, so ake ruwa ya tsaya ya yi tunani ya sauke kayansa sannan ya tsiyaye ta ƙofofin a hankali. Tazarar layi da layi tsakanin mita 20 zuwa 50 ce, in gangarar ta yi ƙarfi ka matso dasu, in ta kwanta ka buɗa. A kar ɗaya layi biyu ko uku kenan. Ka bar ƴar ƙofa inda amalanke ko shanun huɗa zasu wuce amma ka shimfiɗa mata duwatsu a ƙasa, kuma ƙofar layin sama kada ta yi saiti da ta layin ƙasa.

Aikin rani ne, Janairu zuwa Afirilu, kuma mutum ɗaya baya iyawa, ku yi gayya ku haɗa baro da amalanke, yau gonar wane gobe ta wane. Dama in maƙwabcinka na sama bai yi ba kai ne zaka sha ruwansa, dan haka gara maganar ta je gaban jauro ko lawan a yi ta a matsayin ta gari. Masu noman auduga da yawa sun san abin nan dan Sodecoton, kamfanin auduga na Kamaru, ta yi shekaru tana yaɗa shi ta hannun ma'aikatanta na karkara tun shekarun 1990, matsalar dai da yawa an yi an bar shi ba gyara, dabbobi sun watsa duwatsun.

In gangarar ta wuce kashi 5 cikin 100 layin dutse kaɗai ba zai riƙe ba, sai dakali hawa hawa. Kuma ba sai an kawo mana wani daga Turai ya koya mana ba, ka je wajen Mokolo da Koza ka ga abin da ƙabilar Mafa suka yi da duwatsun Mandara, tun kaka da kakanni suna noman dawa a jikin dutse, duk shekara kafin shuka sai sun bi sun mayar da duk dutsen da ya zame. Mu mutanen fili mun daɗe muna musu kallon mutanen dutse, alhali a wannan fannin su ne malamanmu.

Bayan haka huɗarka ma ta bi layin, kunya ta kwanta a gicciye. Kunyar da ta miƙe daga tudu zuwa gangare magudana ce ka gina wa ruwa da hannunka.

Mataki na 5: inda babu dutse, ciyawa

Ba kowa ke da dutse kusa ba, wajen Yagwa ko Kuseri ko Njamena sai ka yi tafiya baka ga na jifan kare ba. Toh sai gamba ko jema. A farkon damina ka tsago tushensu ka dasa a kan layin daidai ɗin nan, tazarar santimita 10 zuwa 15, layi biyu a saɓe. Jema saiwarta tana nutsawa mita 2 zuwa 3 kuma bata yaɗuwa ta cinye gona, gamba kuma ga zana ga abincin dabba. Shekarar farko ba zaka ga wani abin kirki ba sai tushen sun haɗe. Ko mai dutsen ma ya dasa ciyawar a jikin layinsa, dan bayan shekara uku huɗu ƙasa zata cike bayan duwatsun ta binne su, ciyawa ita kuma tana tashi tare da ƙasar.

Mataki na 6: kwazazzabo

Anan zan daɗe kaɗan dan shi ya fi cin rai. Abin da mutane basu lura ba, kwazazzabo baya girma ta gaba, da baya yake tafiya. Ruwa na faɗowa daga bakinsa na sama kamar ƙaramin magangara, ya ƙwaƙule gindin, saman ya rasa abin da zai zauna a kai ya rufta, kan ramin ya matsa sama mita ɗaya ko biyu, haka duk damina har ya iso bangon gidanka. Dan haka zuba shara da buhunan yashi a tsakiyarsa ɓata lokaci ne, ni na zuba buhu sun fi 40 ruwa ɗaya ya kai su mayo.

Ka fara da rage ruwan da ke isowa, wato layukan dutsen sama da muka yi magana. Sannan ka je kan ramin ka sassabe bakin nan mai tsaye ya koma gangara mai sauƙi, ka shimfiɗa masa duwatsu ƙanana a ƙasa manya a sama. Sai ka gangaro ciki kana yin ƙananan shingaye na dutse a gicciye, kuma ga ƙa'idojinsu, in ka tsallake ɗaya aikin ya tashi a banza. Kada tsayin ya wuce santimita 50 zuwa 60 a karon farko, ƙanana da yawa sun fi babba ɗaya. Tsakiyar shingen ta fi gefuna ƙasa dan ruwa ya bi ta tsakiya, in ba haka ba zai zagaye ta gefe ya ci bango. Ka haƙa cikin bangon hagu da dama kamar rabin mita ka cusa duwatsun ciki, haka ma ƙasa ka haƙa masa tushe. Ta gindinsa inda ruwa zai faɗo ka shimfiɗa faffaɗan duwatsu dan kada ya ƙwaƙule. Tazara kuma, saman shingen ƙasa ya yi daidai da gindin shingen da ke samansa, tiyonka zai nuna maka. In kana da hali ka ɗaure duwatsun cikin ragar waya ya fi ƙarko, in babu turaku da rassan ƙaya ma suna riƙe ƙaramin rami na shekara ɗaya biyu kafin ciyawa ta kama.

Damina ɗaya zaka ga bayan kowane shinge ya cika da yashi da laka, toh nan take ka dasa jema ko gamba ko ma rake da ayaba in wurin na riƙe laima, rani na gaba ka ƙara tsayin shingen. Namu shekara uku kenan, bai cike ba, amma ya daina tafiya, kuma bayan shinge na uku ƙanwata tana samun kuɓewa da yakuwa. Amma fa in ramin ya kai zurfin mita uku huɗu ko yana barazana ga gidaje da hanya wannan ya wuce gayya, ku rubuta wa meri, wato ofishin magajin gari, ku nemi masu aikin gona na gwamnati su zo su gani, kada wani ya shiga ƙarƙashin bangon da ruwa ya ƙwaƙule, yana ruftawa ba sallama.

Mataki na 7: fako

Ƙasar da ta riga ta mutu ta koma kamar daɓe, wadda Fulani ke kira harde, ita ba tare ruwa kaɗai take so ba sai an fasa ta. Da rani ka haƙa ramuka faɗin santimita 20 zuwa 30 zurfin 15 zuwa 20, tazarar taku ɗaya, ƙasar ka tara ta ɓangaren gangare, ka zuba taki cikin tafi biyu a kowane. Mutanen Nijar suna ce masa tassa. Iska zata zuba ƙura da ganye a ciki, gara zata zo cin takin ta huda ƙasar, ruwan farko ya taru ya nutse sai ka shuka a ciki. Ko kuma rami mai siffar rabin wata, faɗin mita 2 zuwa 4, bakinsa na kallon tudu, a jera su a saɓe kamar ɓawon kifi. Aiki ne mai karya baya ba zan ɓoye maka ba, ka fara da kwatan kar ka gani.

Mataki na 8: iska

Mu nan Garwa da ruwanmu ke kai wajen milimita 1000 a shekara ruwa ne babban ɓarawo, amma da ka haura Marwa zuwa Kuseri da cikin Chadi iska ma tana nata. Hazon nan da ke rufe mu a hunturu har jirgi ya kasa sauka, mafi yawansa daga Bodele yake a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki ne, iska tana matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashi farar ƙurar, wata har ƙetare teku take ta sauka a dajin Amazon na Kudancin Amurka ta zame masa taki. Tafkin Chadi ɗin da muka sani mai faɗin kusan murabba'in kilomita dubu 25 a farkon shekarun 1960 ɗan ragowa ne, shekaru kamar 7000 da suka wuce ya fi dubu 300, kuma dogon tudun yashin nan da ya taso daga Limani zuwa Yagwa tsohon bakin gaɓarsa ne, igiyar ruwa ce ta tara shi. Duk wanda ya bi hanyar Bogo ko Yagwa ya taka shi bai sani ba.

A gona dai maganin iska sauƙi gareshi sai dai mutane basa so. Yawancin yashin da iska ke ɗauka tsalle yake a ƙasa ƙasa, da wuya ya wuce gwiwa, dan haka ko karan dawa da aka bari a kwance yana tare shi. Kada ka share gona tas ka cinna wuta, na san ana buƙatar kara dan dabbobi da danni da girki, amma ka bar ko kashi ɗaya cikin uku. Kuma in kana sassabe ka bar ƴan gawo da suka fito da kansu, ka zaɓi reshe ɗaya biyu masu ƙarfi ka datse sauran ka ɗaura masa jan ƙyalle dan masu huɗa su gani. Gawo da damina yake zubar da ganye saboda haka baya yi wa shuka inuwa, da rani kuma dabbobi su kwanta ƙarƙashinsa su bar maka taki.

Mataki na 9: in fili zaka saya a bakin mayo

Wannan na ƴan birni ne. Dillali zai kai ka a watan Maris, mayo a bushe yara na buga ƙwallo a ciki, yace Alhaji ai ruwa baya zuwa nan. Kai ka duba lanƙwasar mayon. Ɓangaren waje na kwana, inda bangon yake tsaye kamar an yanka da wuƙa, nan ruwa ya fi gudu kuma nan yake ci, duk shekara yana matsowa. Ɓangaren ciki inda yashi ya kwanta a hankali nan yake zubarwa, ba zai ci ka ba amma zai iya kwana a ɗakinka. Ka haƙa rami zurfin mita ɗaya, in kaga yashi da laka hawa hawa kamar an jera tabarmi toh kowane hawa ambaliya ɗaya ce, wurin gadon ruwa ne ko da shekara goma bai zo ba. Ka duba jikin bishiyoyi da tsoffin katangu ko akwai layin laka, ka tambayi tsofaffin unguwar inda ruwan 2012 ya tsaya, shekarar da Binuwai ta cika har aka buɗe ƙofofin dam ɗin Lagdo, in Njamena ne ko Kuseri ka tambayi na 2022 da 2024. Ka kuma lura ko ana ɗibar yashi kusa, dan in an zurfafa cikin mayo bangon gefe ne ke biya. Mutanen Marwa basu manta yadda gadar Palar ta rufta a 2020 ba, ruwan da ya kayar da gada ba katangar bulo zai ji wa tsoro ba.

Mataki na 10: ka kafa ma'auni

Ka samu guntayen rodi guda shida zuwa goma masu tsawon santimita 50, ka buga su a ƙasa ka bar santimita 20 daidai a waje, wasu a tsakiyar gona wasu dab da bayan layin dutse ta sama, biyu kuma a nesa da kan kwazazzabo da mita 5 ka rubuta nisan. Ka shafa musu fenti dan kada garma ta hau su ko yara su kai wa masu gwangwan. Ƙarshen Oktoba in ruwa ya ɗauke ka zo da ma'auni, in rodin ya ƙara tsawo ƙasa ta tafi, in ya gajarce ta zo. Ka rubuta a littafi da kwanan wata, ka ɗauki hoto daga wuri ɗaya duk shekara. Sannan bayan duk wani babban ruwa, musamman a shekarar farko, ka zagaya layukan ka mayar da dutsen da ya zame tun ɓarakar tana taƙi ɗaya. Namu na bayan layi na biyu bara santimita 16 na samu a waje maimakon 20, na tsakiyar gona kuma yana nan a 20 ɗinsa, bana saura in ƙara layi ɗaya ta wajen hanyar shanun nan in Allah ya kai mu Janairu, duk mai baro a Pitoa ya shirya zan neme shi.